Tsibiran da Doka Ce Hajarsu

A farkon watan Mayun 2020, ana tsakiyar kullen korona, farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, sai gwamnatin Najeriya ta ba da sanarwar cewa dala miliyan 311 da ɗoriya sun shigo hannunta. Ba rance ba ne, ba kuma tallafi ba. Kuɗin ƙasa ne da suka fita tun zamanin mulkin Janar Sani Abacha, suka yi sama da shekara 20 a waje, aka maido su bisa sharaɗin cewa ayyuka uku kaɗai za a zuba su a ciki: titin Abuja zuwa Kano, titin Legas zuwa Ibadan, da gada ta biyu a kan kogin Neja.

Inda aka gano su kwance shi ne Jersey, wani ɗan tsibiri mai nisan kilomita 22 daga gaɓar Faransa, wanda mutanensa ba su wuce 103,000 da 'yan kai ba a ƙidayar 2021. Sunan da ke kan asusun ba na mutum ba ne. Na wani kamfani ne, Doraville Properties Corporation, da aka yi wa rajista a wasu tsibiran daban, British Virgin, can yankin Karibiyan. Kotun da ta fara yanke hukuncin ƙwace kuɗin kuwa a birnin Washington take. Ke nan kafin dala guda ta motsa sai da aka bi ta kan dokokin ƙasashe huɗu.

Haka aka tsara sana'ar tun asali. Mutane da dama in sun ji labarin tsibiran ɓoye dukiya sai su hango rumbun ƙarfe maƙare da daloli a gindin bishiyar kwakwa. Alhali akasarin kuɗin ba su taɓa sauka can ba. Suna New York da Landan da Hong Kong, an juya su zuwa hannun jari da takardun lamuni da gidaje. Abin da ke tsibirin takarda ce, da dokar da ta tsaya wa takardar. Ita ake saye, ita ake sayarwa, a kanta kuma duk rigimar take.

Yadda ƙaramin tsibiri ke samun babbar kasuwa

Sirrin yana cikin matsayinsu na tsaka-tsaki. Jersey da Guernsey da Isle of Man ba sa cikin Tarayyar Birtaniya, amma suna ƙarƙashin Sarkin Ingila. Jersey ta tsaya tare da masarautar tun 1204, lokacin da Ingila ta rasa yankin Normandy. Cayman da British Virgin da Bermuda kuwa ragowar yankunan mulkin mallaka ne, kowanne da gwamnan da ake turowa daga Landan. Dukansu suna da majalisar dokokinsu, da tsarin harajinsu, da kotunansu. Sai dai ƙarar ƙarshe takan tafi Landan ne, gaban kwamitin shari'a na majalisar Sarki, wanda Najeriya ma can take ɗaukaka ƙara har zuwa 1963.

Wannan haɗin shi ke jan mai kuɗi. Majalisa ƙarama ce, za ta iya yin sabuwar doka cikin 'yan makonni in kasuwa ta nema. Alƙalan ƙoli kuwa na Ingila ne, ba mai tsoron a wayi gari an ji soja a rediyo.

Kowane tsibiri da ranar da ya buɗe shago. A 1962 Jersey ta soke tsohuwar dokar da ta hana kuɗin ruwa wuce kashi 5 cikin 100, bankunan Landan suka fara kwararowa birnin St Helier. Harajin albashi a can kashi 20 ne tun 1940, yawancin kamfanoni kuma tun 2009 ba sa biyan ko sisi kan ribarsu, in ban da na hada-hadar kuɗi da ke biyan kashi 10. Cayman, wadda ba ta karɓar harajin kuɗin shiga kwata-kwata, ta yi dokar bankuna a 1966, sannan a 1976 ta ƙara da dokar sirri mai ɗaure duk ma'aikacin da ya fallasa bayanin abokin hulɗa. Dokar nan sai a 2016 aka soke ta.

Labarin British Virgin ya fi nuna yadda ake ƙera doka kamar kayan masana'anta. A farkon shekarun 1980 Amurka ta soke yarjejeniyar harajin da tsibiran ke cin abinci da ita. Sai wasu lauyoyi ƙalilan suka zauna suka rubuta dokar kamfanoni ta 1984: kamfani mai saukin buɗewa, ba haraji, ba buga lissafin shekara, ba a bayyana mai shi. Da sojojin Amurka suka shiga Panama a 1989, masu kuɗin da ke can suka nemi sabuwar mafaka. Attajiran Hong Kong ma suka biyo sahu gabanin mayar da birnin hannun China a 1997. Yau tsibiran da mazaunansu ba su fi 30,000 da wani abu ba suna ɗauke da kamfanoni masu rai sama da 300,000, kuɗin rajista da na sabunta lasisi kuma su ne kusan rabin abin da gwamnati ke samu ko ma fiye.

Kayan aikin

Na farko shi ne kamfanin takarda. Ba shi da ma'aikaci, ba shi da shago, amma a idon doka mutum ne: yana buɗe asusu, yana sayen gida, yana kai ƙara. Mai so ba ya ko taka tsibirin. Lauyansa na Landan ko Dubai ne zai tuntuɓi wakili mai lasisi a can, a cike takardu, cikin kwana ɗaya ko biyu kamfani ya fito. Adireshinsa ofishin wakilin ne. Shi ya sa da hukumar bincike ta majalisar dokokin Amurka ta duba wani gini mai hawa biyar a George Town, babban birnin Cayman, mai suna Ugland House, a 2008, ta tarar kamfanoni da makamantansu 18,857 ne ke amsa adireshinsa. Barack Obama ya sha yin shaguɓe da ginin, yana cewa ko dai shi ne mafi girma a duniya, ko kuma babbar damfarar haraji ce. Mutanen Cayman suka mayar masa da martani cewa ya leƙa jihar Delaware ta ƙasarsa, inda gini guda ke ɗauke da ninkin wannan adadi.

Na biyu daraktan haya. Mutum ne da ake biya ya ba da sunansa a rubuta, wani lokaci a kan ɗaruruwan kamfanoni, bayan ya sa hannu a wata takardar da ke cewa umarnin ainihin mai kamfanin zai bi. A da har akwai hannun jarin da ba a rubuta sunan kowa a kai: duk wanda takardar ke aljihunsa shi ne mai kamfanin, in ya miƙa wa wani a ɗakin otal, mallaka ta koma can ba tare da wani littafi ya shaida ba. British Virgin ta fara taƙaita wannan tun shekarun 2000, ta soke shi gaba ɗaya a 2023.

Na uku, wanda ya fi su zurfi, asusun amana. Tsarinsa ya yi kama da waƙafi: mai dukiya ya fitar da ita daga hannunsa, ya damƙa wa mai riƙon amana, domin amfanin wasu da ya zayyana. Da zarar an yi haka, mai bayarwa zai ce ba tasa ba ce, mai riƙo zai ce shi ajiya aka ba shi, masu cin moriya kuma su ce ba abin da ya iso hannunsu tukuna. Jersey ta tsara dokarta ta amana a 1984, wurare da yawa suka kwafa. Tsibiran Cook na tekun Pasifik suka zarce kowa da gyaran da suka yi a 1989: kotunsu ba ta aiki da hukuncin wata ƙasa, mai bin bashi sai ya je can ya sake shigar da ƙara cikin wa'adin da bai wuce shekara biyu ba, kuma hujjar da za a nema gare shi irin ta shari'ar laifi ce, wadda ba ta barin kokwanto.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama laifi a karan kansa, kuma lauyoyin tsibiran ba sa gajiya da faɗin haka. Bermuda cibiya ce ta kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora, masu biyan diyya idan guguwa ta ragargaza Florida. A Cayman ake yi wa mafi yawan manyan asusun zuba jari na ƙetare rajista, domin masu zuba kuɗi daga ƙasashe goma sun fi yarda su haɗu a ƙarƙashin doka guda da ba ta ɗayansu ba. Matsalar ita ce takardar da ɗan kasuwar kirki ke amfani da ita, ita ɓarawon gwamnati ke saye, a wajen wakili guda, a farashi guda.

Inda mai sa ido ya rufe ido

Tarihin sana'ar cike yake da wuraren da suka wuce gona da iri. Nauru, tsibiri mai faɗin murabba'in kilomita 21 kacal, ta sayar da lasisin banki kusan 400 a shekarun 1990, bankunan da ba su da ko teburi. Babban bankin Rasha ya ce a 1998 kaɗai kimanin dala biliyan 70 sun bi ta cikinsu. Seychelles kuwa a 1995 ta yi dokar da ta yi wa duk wanda ya zuba dala miliyan 10 alƙawarin ba za a tuhume shi ba kan laifin da ya aikata a waje. Duniya ta yi mata ca, dokar ba ta fara aiki ba har aka soke ta.

A Antigua, attajirin Texas Allen Stanford ya kafa banki, ya zama babban mai ɗaukar ma'aikata, har aka ba shi lambar girma. A 2009 asiri ya tonu cewa damfara ce ta dala biliyan 7, ana biyan tsofaffin masu ajiya da kuɗin sababbi. Kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 110. Shugaban hukumar da ke sa ido kan bankunan tsibirin, Leroy King, ya amsa laifin taimaka masa wajen kautar da masu bincike, aka ɗaure shi shekara 10 a 2021.

Ba tsohon labari ba ne. Bahamas ta yi dokar kuɗin intanet a 2020 don jawo kamfanoni, kamfanin cinikin kuɗin intanet FTX ya tare a Nassau, a Nuwamban 2022 ya durƙushe da biliyoyin dalolin masu ajiya, ciki har da matasan Najeriya da suka ɗauke shi mafaka daga faɗuwar naira. A Afrilun shekarar ne kuma jami'an Amurka suka kama firimiyan British Virgin, Andrew Fahie, a Miami, kan haɗa baki wajen safarar hodar ibilis da halatta kuɗin haram. An same shi da laifi a 2024.

Abin da ke haɗa waɗannan labarai ƙanƙantar wuri ne. Inda sana'a guda ke ciyar da gwamnati, kuma mai sa ido da wanda ake sa wa idon makaranta ɗaya suka yi, tsawatarwa takan yi wuya.

Matsi daga waje

Kusan duk gyaran da aka samu, daga waje aka tilasta shi. Ƙungiyar FATF, wadda manyan ƙasashe bakwai suka kafa a 1989 don yaƙi da halatta kuɗin haram, ta fitar da jerin wurare 15 marasa ba da haɗin kai a shekarar 2000, ciki har da Cayman da Bahamas da Nauru. Najeriya ma ta shiga jerin a 2001, ba ta fita ba sai 2006, kuma matsin ne ya taimaka wajen haihuwar EFCC. Makamin FATF ba kotu ba ne. Da zarar an sa sunan ƙasa, bankunan New York da Landan kan fara ɗari-ɗari da duk kuɗin da ya fito daga can, tsibirin da ya rasa hanyar dala kuwa kasuwarsa ta mutu. Mauritius ta shiga jerin waɗanda ake sa wa ido a 2020 ta fita a 2021, Cayman daga 2021 zuwa 2023, British Virgin kuma aka sa ta a Yunin 2025.

Bayan rikicin tattalin arzikin 2008, gwamnatocin Yamma da aljihunsu ya bushe suka waiwayo kan haraji. Amurka ta yi dokar FATCA a 2010, wadda ta wajabta wa bankunan duniya su kai mata rahoton asusun 'yan ƙasarta. A 2014 ƙungiyar OECD ta fito da tsarin musayar bayanan asusu kai tsaye, aka fara aiki da shi a 2017. Yanzu banki a Jersey ko Cayman dole ya tantance ƙasar da mai asusu ke biyan haraji, ya miƙa sunansa da abin da ke ciki, a tura wa hukumar harajin ƙasarsa duk shekara. Ƙasashe sama da 100 ke ciki, Najeriya ta fara a 2020. Amurka ba ta shiga ba.

Tarayyar Turai ta zo da nata baƙin jerin a Disambar 2017, ta ce kamfani ba zai ci gaba da tara riba a inda ba ya aikin komai ba. Daga Janairun 2019 tsibiran suka kafa dokokin da ke buƙatar ofis na gaske, ma'aikata, da zaman daraktoci a cikin tsibirin. Sai yarjejeniyar Oktoban 2021, inda ƙasashe 136 suka amince cewa rukunin kamfanonin da cinikinsu ya kai yuro miliyan 750 a shekara ba zai biya ƙasa da kashi 15 ba ko'ina ya kai ribarsa. Bermuda, inda Google ya tura kusan yuro biliyan 20 a 2017 kaɗai, ta fara karɓar harajin kamfanoni na kashi 15 daga Janairun 2025. Lissafinta mai sauƙi ne: in ba ta karɓa ba, wata ƙasa za ta karɓa.

Wa ke da kamfanin?

Nan ne gizo ke saƙa har yau. A 2016 takardun Panama suka fito, guda miliyan 11.5 daga kamfanin lauyoyi na Mossack Fonseca, kuma fiye da rabin kamfanoni 214,000 da ke ciki a British Virgin aka yi musu rajista. Takardun Paradise suka biyo baya a 2017, na Pandora a 2021. A Najeriya jaridar Premium Times ce ta tono sunayen gwamnoni da sanatoci da manyan ma'aikata. Tambayar da kowa ya yi ita ce: me ya sa sai an saci takardu kafin a san mai kamfani?

A 2018 'yan majalisar Birtaniya biyu, Margaret Hodge ta jam'iyyar Labour da Andrew Mitchell na Conservative, suka cusa wani sashe cikin dokar takunkumi da halatta kuɗin haram, wanda ya ce yankunan Birtaniya na ƙetare su buɗe rajistar ainihin masu kamfani kowa ya gani. Mutanen British Virgin, da ko shekara ba su yi da ɓarnar guguwar Irma ba, suka fito zanga-zanga a Road Town suna cewa mulkin mallaka ne ya dawo. An sa wa'adin 2020, aka ɗaga zuwa 2023.

Ana cikin haka, a Nuwamban 2022, kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a wata ƙara daga Luxembourg cewa buɗe irin wannan rajista ga kowa da kowa ya keta haƙƙin sirrin mutum. Tsibiran suka samu abin riƙewa. Maganar ta koma kan ba da dama ga mai "halastaccen dalili" kaɗai, wato ɗan jarida ko mai bincike ya rubuta buƙata, ya biya kuɗi, ya jira a duba. Hujjarsu ita ce su sun san masu kamfanonin, Jersey tana tattara sunayen tun 1989, kuma 'yan sandan Birtaniya kan samu amsa cikin awa 24. Sukan ƙara da nuna yatsa ga Amurka, wadda ƙungiyar Tax Justice Network ta sa a matsayi na ɗaya a sirrin kuɗi a 2022, wadda kuma a Maris ɗin 2025 ta ɗauke wa kamfanonin cikin gidanta wajibcin bayyana masu su. Amsar masu fafutuka ita ce ɗan jaridar Kano ko Accra ba ɗan sandan Birtaniya ba ne, hukumomin ƙasarsa kuma sau da yawa su ne ba sa son a tambaya.

Rabon Afirka

Kwamitin tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya ƙiyasta a 2015 cewa sama da dala biliyan 50 ke sulalewa daga Afirka duk shekara ta haramtattun hanyoyi, hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a 2020 ta kai adadin biliyan 88.6. Kaso mai tsoka ba satar 'yan siyasa ba ce, dabarun kamfanoni ne, kuma a nan Mauritius ta yi suna. Kamfanin da zai haƙi ma'adinai a wata ƙasar Afirka yakan fara buɗe reshe a Port Louis. Albarkacin yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu, kuɗin ruwa da ladan shawara da ribar hannun jari sai su fita da ɗan ƙaramin haraji ko babu, su isa inda harajin kan sauko har kashi 3. Indiya ta tilasta gyara tata yarjejeniyar a 2016. Babbar kotun Kenya ta soke tasu a 2019 saboda ba a kai ta gaban majalisa ba. Senegal ta yaga tata, tana cewa ta yi asarar dala miliyan 257 cikin shekara 17, Zambiya ma ta bi sahu a 2020.

A Ghana, gwamnati da kanta ce ta nufi tsibiri. A 2020 ta shirya zuba mafi yawan kuɗin da take samu daga haƙar zinariya cikin wani kamfani, Agyapa Royalties, mai rajista a Jersey, a sayar da kashi 49 na hannun jarinsa. Mai gabatar da ƙara na musamman, Martin Amidu, ya rubuta rahoton da ya soki yadda aka ƙulla cinikin, ya ajiye aiki a Nuwamban shekarar, shirin kuma ya tsaya.

Najeriya ta tsallake rijiya da baya a hannun P&ID, kamfanin British Virgin da wasu 'yan Ireland biyu suka kafa. A 2010 ya samu kwangilar shekara 20 ta sarrafa iskar gas a Kalaba. Ba a aza ko tubali ba, amma a 2017 kwamitin sasanci a Landan ya ce a biya shi dala biliyan 6.6, da kuɗin ruwa kashi 7, har bashin ya haura biliyan 11, kusan sulusin ajiyar ƙasar ta waje. Sai a Oktoban 2023 Mai Shari'a Robin Knowles ya rushe hukuncin, bayan ya gano an ba da cin hanci, kuma kamfanin ya riƙa samun takardun sirri na lauyoyin Najeriya ana tsakiyar shari'a. Alƙalin bai ƙyale ɓangaren Najeriya ba, ya nuna sakacin da aka yi tun daga rubuta kwangilar.

Dokar da ta ɓoye, ita ta tono

Shari'ar Doraville ta nuna ɗaya fuskar. Masu gabatar da ƙara na Amurka sun ce an riƙa fitar da kuɗi daga Babban Bankin Najeriya da wasiƙun buƙatar tsaro na gaggawa, sama da dala biliyan 2, aka bi da wasu ta bankunan Amurka, abin da ya ba kotun can hurumi. Sun shigar da ƙara a 2013, kotu ta ba da hukunci a 2014, Jersey ta daskarar da asusun. Kamfanin ya yi ta ɗaukaka ƙara har Landan bai yi nasara ba. A 2019 aka zuba kason farko, dala miliyan 267, a asusun gwamnatin Jersey na kadarorin da aka ƙwato, a Fabrairun 2020 ƙasashen uku suka sa hannu kan yadda za a mayar, da sharaɗin mai binciken kuɗi mai zaman kansa da ƙungiyar farar hula su sa ido.

Ba shi ne karon farko ba. A 2010 kotun Jersey ta ɗaure ɗan kasuwar Indiya Raj Bhojwani shekara shida kan ɓoye ribar kwangilar motocin da aka sayar wa gwamnatin Najeriya a farashin da aka ninka, daga baya aka maido fam miliyan 22.5. A 2018 tsibirin ya yi sabuwar doka mai juya nauyin hujja: idan banki ya kai rahoton zargi, 'yan sanda suka hana taɓa asusun har shekara guda, mai asusun ne zai zo ya gamsar da kotu cewa kuɗinsa halal ne. Da ita aka ƙwace dala miliyan 8.9 a Janairun 2024, waɗanda kotu ta gamsu cewa daga kwangilolin makamai na bogi na 2014 suka fito, lokacin da Boko Haram ke cin garuruwa a arewa maso gabas.

Jersey ba don Allah take yi ba. Hada-hadar kuɗi ce kusan kashi 40 cikin 100 na tattalin arzikinta, kuma masu tantancewa na ƙasa da ƙasa yanzu ba dokar da ke rubuce kaɗai suke dubawa ba, suna tambayar mutum nawa aka gurfanar, nawa aka ƙwace. Kowace shari'a irin wannan shaida ce da za ta nuna musu.

Aikin da ya rage a gida

A takarda Najeriya ba ta rasa doka ba. Kundin tsarin mulki ya hana shugaban ƙasa da gwamnoni da ministoci da 'yan majalisa riƙe asusun banki a waje. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta bayyana duk mai kashi 5 cikin 100 ko fiye, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta buɗe rajistar ga jama'a a 2023, wato ta riga Cayman da Jersey. A 2022 aka yi dokar kula da kadarorin da aka ƙwato. FATF ta sa ƙasar a jerin waɗanda ake sa wa ido a Fabrairun 2023, ta cire ta a Oktoban 2025. Amma takardun bayyana kadarori na masu mulki har yanzu a kulle suke a hukumar ɗa'ar ma'aikata, kuma sunayen da suka fito a takardun Panama da Pandora ba su haifar da wani abin a zo a gani a kotu ba. Kotun tsibiri ba ta ƙwace kuɗi don an yi surutu a jarida. Sai an kai mata takardar kwangila, da sawun kuɗin daga asusu zuwa asusu, da lauyan da zai jure shekara shida ko goma.

A fagen duniya kuwa Najeriya ta zaɓi wata hanya. Tana cikin ƙasashe huɗu da suka ƙi sa hannu a yarjejeniyar 2021, tare da Kenya da Pakistan da Sri Lanka, bisa hujjar cewa an ɗinka ta ne daidai wuyan ƙasashe masu arziki. Ita ce kuma ta gabatar da ƙudurin ƙasashen Afirka na a mayar da rubuta dokokin harajin duniya hannun Majalisar Ɗinkin Duniya. A Nuwamban 2023 ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi, 9 suka ƙaurace. An fara tattaunawa a 2025, Amurka ta fice tun zaman farko, ana sa ran kammalawa a 2027. Jersey da Cayman da Bermuda da British Virgin ba su da kujera a zauren. Birtaniya ce ke magana da yawunsu, kuma tana cikin 48 ɗin da suka ce a'a.